Wanda ke nutsewa, abokin gaba ne?

Ranar 2 ga Nuwamba 1942, jirgin ruwan fataken Holan mai suna Zaandam yana kan hanyarsa daga Afirka ta Kudu zuwa New York, sai jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, U-174, ya harbe shi sau biyu a arewa da gaɓar Burazil. Mutane kusan 300 ke cikinsa, da yawansu waɗanda aka tsamo ne daga wasu jirage da aka nutsar tun farko. Fiye da 130 suka halaka. Mutum biyar suka maƙale bisa wani ɗan dandamalin katako. Biyu suka mutu, uku suka yi kwana 83 suna shan ruwan sama, suna cin ɗanyen kifi da tsuntsaye, kafin wani jirgin sojan Amurka ya tsince su cikin Janairu 1943.

Tambayar da wannan labari ke tayarwa ita ce: idan jirgi ya nutse, mutumin da ke fafutuka cikin ruwa har yanzu abokin gaba ne?

Tsohuwar al'adar teku ta ce a'a: wanda ya nutsar da jirgi, ceton mutanen cikinsa na wuyansa. Amma makonni kaɗan kafin abin da ya sami Zaandam, an karya wannan al'ada a rubuce. Cikin Satumba 1942 kwamandan U-156, Werner Hartenstein, ya nutsar da jirgin Ingila Laconia, sannan ya tsaya yana tsamo mutane, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Duk da haka jirgin saman Amurka ya jefa masa bam. Nan take Admiral Dönitz ya ba jiragensa umarnin kada su ƙara ceton kowa.

Hujjar Dönitz ba ta banza ba ce. Shugaba yana da alhakin ran mutanensa, kuma ya ga yadda aka saka alheri da wuta. Sai dai akwai bambanci tsakanin kwamandan da haɗari ya tilasta wa gudu a rana guda da dokar da ta haramta tausayi kowace rana. Na farko ya kasa. Ta biyu ta mayar da kasawa ƙa'ida, ta sauke wa kowane soja nauyin tambayar zuciyarsa.

A shari'ar Nuremberg, cikin 1946, Admiral Nimitz na Amurka ya shaida cewa su ma haka suka yi yaƙi a tekun Fasifik. Saboda haka kotu ba ta ɗora hukuncin shekara 10 da ta yanke wa Dönitz a kan wannan batu ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Daidaiton laifi yana iya rufe bakin alƙali, amma bai mayar da laifin halal ba, domin haƙƙin ceto na wanda ke nutsewa ne, kuma shi ba a tambaye shi ba.

U-174 ma bai daɗe ba. Cikin Afrilu 1943 jirgin saman Amurka ya nutsar da shi kusa da Kanada, babu ko mutum ɗaya da ya tsira.