Idan Na'ura Ta Yi Kuskure, Wa Za a Kama?

Ranar wata Lahadi da yamma na tsaya a wani shagon buga takardu kusa da Ƙofar Kuyambana, domin in karɓi tambayoyin jarrabawar Hausa da ɗalibaina za su zauna washegari. Ina dubawa sai na ga duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, na'ura ta haɗiye lanƙwasar. Baƙi sun koma baki, ƙasa ta zama kasa. Na nuna wa yaron shagon, sai ya ce, "Malam, ai ba ni ba ne, kwamfuta ce." Kafin mu gama magana aka ɗauke wuta, janareto kuma ba mai.

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Yaron bai yi ƙarya ba, domin kuwa irin baƙaƙen da ya zaɓa ba su da haruffanmu. Amma fa shi ya zaɓa, shi ya buga kwafi ɗari biyu bai karanta layi ɗaya ba.

Mu Zazzagawa mun san ɗab'i tun ba yau ba. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, marigayi Abubakar Imam yana edita, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A irin wannan aiki na dā, mai jera baƙi da hannunsa yake aiki, mai duba kuskure da idonsa, in aka samu ɓaraka an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ba ina kukan a koma baya ba ne. Wanda ya taɓa yanka sitansil da tafireta, ya ɓata harafi ɗaya a layin ƙarshe, ba zai zagi kwamfuta ba. Abin da ke damuna shi ne, sabon kayan aiki ya zo mana da sabon wurin ɓuya, alhali kuwa Hausawa sun ce laifi tudu ne.

Dubi abin da ya faru a watan Mayu na 2025. Hukumar JAMB, wadda ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, ta gano tangarɗa a sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya ce ya ɗauki laifin, aka sake wa yaran jarrabawa. Wasu sun ce hawaye ba ya mayar da abin da aka rasa, kuma da gaskiyarsu. Ni dai abin da na riƙe shi ne bai laɓe bayan na'ura ba, ko da yake ba shi ya haɗa ta ba.

To, a nan tambayar ta juyo kaina. Ni ne na kai aikin a ƙurarren lokaci, ni ne ban nemi ganin kwafi ɗaya kafin a buga sauran ba. Da dare na zauna da fitila da biro, ina bin takarda ɗari biyu ina lanƙwasa haruffa ɗaya bayan ɗaya. Da safe wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya ɓata takardar nan?" Na buɗe baki zan ce kwamfuta, sai na ce mata ni ne.