Tsofaffin Finafinan Hausa: Wa Ke Riƙe da Amanarsu?

A Mubi, kamar a Kano da Zariya da Maraɗi, mai son kallon fim a yau ba ya neman kaset ko faifai. Wajen masu turi yake zuwa a zuba masa a waya, ko ya hau YouTube in yana da data. Sabon fim ba ya wuyar samu, tsohon ne aiki. Wanda ya tashi neman Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990 kuma ake ɗaukarsa mafarin finafinan bidiyo na Hausa, ko wasannin Samanja da Karambana da Karkuzu na gidajen talabijin, sau da yawa abin da zai samu, in ma ya dace, guntu ne da wani ya kwafo daga kaset da ya sha kallo, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa. Balle a zo ga finafinan silima irin su Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa na 1991, ko Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, waɗanda matasa da yawa sunansu kawai suka sani. Masu kewar waɗannan finafinai suna ta fatan a sake fito da su a tsabtace, kowa ya kalla a gidansa. Tambayar ita ce ko wannan fata sha'awa ce kawai ta masu tuna ƙuruciya, ko kuwa akwai wani haƙƙi a bayanta da addini da hankali za su amince da shi. Abin da nake gani shi ne adana su amana ce a wuyan al'umma, ko da masu kewar ko babu su, amma sake watsa su ga kowa wani hukunci ne dabam mai nasa sharuɗɗan. Yawancin rikicin da ake yi a kan batun daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu yake tasowa.

Labarin Shaihu Umar ya isa ya nuna yadda abin yake, kuma ya shafi mutanen Adamawa kai tsaye, domin Adamu Halilu da ya ba da umarninsa ɗan Garkida ne. A 1976 ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi da tallafin ofishin jakadancin Jamus da ke Abuja, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato fim ɗin Hausa, daga littafin Firayim Ministan Najeriya na farko, sai da Jamusawa suka sa hannu kafin a sake ganinsa. Wannan ma wanda gwamnati ta kashe wa kuɗi ke nan. Finafinan bidiyo kuwa, waɗanda matasa suka riƙa yi da kuɗin aljihunsu suna kaiwa kasuwar Ƙofar Wambai, ba su da ma'ajiya tun farko. Zaren kaset yana saki, danshin damina yana sa masa funfuna, faifai yana karcewa, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina a 2016. Ba mu kaɗai abin ya ci ba. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa murya sun salwanta, kuma Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana, ba a san inda kwafinsa ko ɗaya yake ba. Bambancin shi ne su sun farga sun gina ma'ajiyu, mu har yanzu muna gardamar ko abin ya cancanci ajiya.

Dalilin da ya sa na kira shi amana ba ingancin labarin ba ne. Da yawa daga cikin finafinan nan an yi su cikin gaggawa, wasu kwaikwayon Indiya ne tsagwaronsa. Darajarsu tana cikin abin da na'urar ɗaukar hoto ta kwasa ba tare da an nufa ba: irin Hausar da ake yi a lokacin, yadda yaro ke durƙusa wa babba, ɗinkin riguna da ɗaurin ɗankwali, zaure da soro kafin a rushe su a yi shaguna, kuɗin da ake kashewa, abin da ke ba mutane dariya da abin da ke ba su kunya. Littafi yana iya bayyana waɗannan, amma ba ya jiyar da murya. Kuma masu wannan gado ba mu ne kaɗai ba, har da waɗanda ba a haifa ba, waɗanda ba su da bakin da za su ce a ajiye musu. Duk abin da yake hannunka alhali wani yana da rabo a ciki, kuma in ka sake shi ba zai dawo ba, sunansa amana. Mutanen Mubi sun san saurin da abu ke salwanta. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka kama garin, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, jama'a suka watse zuwa Yola da cikin Kamaru, sai a Nuwamba aka ƙwato shi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset ko hotunan iyali. Abin da kwafinsa ɗaya ne a ɗaki ɗaya, rana ɗaya ta ishe shi.

Suka ta farko ita ce mafi yaɗuwa: fim lagwu ne, wasa ne da shagala, wasunsa ma ɓata tarbiyya suke yi da rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata, don haka in ya ɓace Allah raka taki gona. Wannan magana ba ta banza ba ce. Ita ta sa gwamnatin Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000 bayan dawo da Shari'a, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma akwai finafinan da kowane uba mai hankali ba zai so a kunna a tsakar gidansa ba. Sai dai malaman da muke koyi da su ba su ɗauki ajiye abu a matsayin yarda da shi ba. Waƙoƙin Jahiliyya, da giyarsu da alfaharinsu da begen matan Imru'ul Ƙaisi, malaman Musulunci ne suka tattara su suka yi musu sharhi, kuma har gobe ana karanta Shu'ara'u a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, domin ba a sanin zurfin Larabci sai da su. Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, sunayensu da wuraren da aka kafa su da ƙabilun da suka bauta musu. Ibnul Jauzi ya tara hadisan ƙarya a cikin Almaudu'at don a gane su a guje su. In ƙaryar da aka jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an taskace ta saboda amfanin sani, da wuya a ce wasan kwaikwayon da ya nuna rikicin kishiyoyi ya fi ƙarfin a ajiye shi. Kusa da gida ma akwai misali. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali a arewa da Mubi, ya sa an riƙa rubuta masa abin da yake yi daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren kama bayi a kan mutanen duwatsu. An buga wannan kundi a 1995. Karanta shi yana da ɗaci, amma da ya ɓata, da jikokin waɗanda aka kama sun rasa shaida mafi ƙarfi a kan abin da aka yi wa kakanninsu. Ko wanda yake ganin finafinan Hausa sun ɓata tarbiyya yana bukatar su, in dai yana son ya nuna yaushe ɓarnar ta fara da kuma ta inda ta shigo.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma masu kewar tsofaffin finafinai ba su cika son jinta ba. A cikin kowane fim akwai mutane, ba tarihi kaɗai ba. Yarinyar da ta yi rawa a fim tana da shekara goma sha takwas, yau matar aure ce mai 'ya'ya, wataƙila har da surukai. Ta bar harkar, wata ma tana kallon wancan zamani a matsayin abin da ta tuba daga gare shi. Addini ya kwaɗaitar da rufa wa Musulmi asiri, ya kuma hana a goranta wa mutum abin da ya bari. Lokacin da ta amince aka ɗauke ta, kaset ta sani, wanda ake haya a shago a kalla a mayar, ba guntun bidiyon da za a yanko a riƙa yawo da shi a wayoyi ana yi mata ba'a bayan shekara ashirin ba. Shin jin daɗin mai kallo ya kai ya rinjayi kwanciyar hankalin gidanta? A ganina bai kai ba. Amma abin lura shi ne wannan hujja tana magana ne a kan watsawa, ba ta taɓa ajiya ba. Ma'ajiyar tarihi a ko'ina tana da abin da take buɗe wa kowa, da abin da sai mai bincike, da abin da ake rufewa sai bayan wasu shekaru. Fim irin wannan ana iya tsare shi a wuri amintacce, a nemi yardar waɗanda suka fito a ciki kafin a sake shi kasuwa, wanda aka ƙi a jinkirta. Halin da ake ciki yanzu shi ne mafi muni ga kowa: fim ɗin cikakke, wanda zai nuna labarin da rawar ta zo a cikinsa, yana ruɓewa a kwali, rawar kuma ita kaɗai tana yawo a intanet ba da izinin kowa ba. Rashin ma'ajiya bai rufa wa kowa asiri ba.

Sai maganar dukiya. Masu shirya finafinai sun daɗe suna kuka da satar fasaha, kuma da gaskiyarsu, domin ita ta karya kasuwar faifai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. To amma ga abin da ke ɗaure kai: wani lokaci kwafin da ya rage a duniya shi ne wanda wani mai shagon haya ya kwafa ba da izini ba, na hannun mai shi kuwa ya lalace. Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a Risala yana da babin da ya dace da wannan, wato hukuncin tsintuwa: wanda ya tsinci abu ya tsare shi, ya yi cigiya har shekara a inda ake sa ran samun mai shi, kuma tsintar ba ta mayar da shi mamallaki nan take. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma hanyar a fili take. Mai tsohon kaset ya juye shi zuwa kwamfuta kafin ya mutu, ya nemi mai fim ɗin ko magadansa ya sanar da su, kada ya ɗora shi a shafinsa yana karɓar kuɗin talla. Mai kewar fim ɗin kuma, in da gaske yake, ya yarda ya biya idan an fito da shi ta hanyar halal, don gyaran tsohon fim yana cin kuɗi da lokaci.

Akwai masu cewa yankin da ke fama da 'yan gudun hijira da makarantun da aka ƙona ba shi da sararin damuwa da kaset. Amsar gajeriya ce: asibiti da makaranta suna gaba, babu musu, amma juye kaset zuwa kwamfuta ba ya cin kuɗin gina aji ɗaya, kuma shi ba ya jiran a samu sarari.

Nauyi irin wannan, in wasu suka ɗauka ya sauka daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi sakaci. Akwai ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa a Jos, akwai gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Yola, akwai Hukumar Tace Finafinai wadda finafinan Kano ke bi ta hannunta kafin su shiga kasuwa, don haka ta fi kowa damar fitar da jerin abin da aka yi tun 2001. A Mubi kanta akwai Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, kuma babu abin da zai hana ɗalibansu bin tsofaffin masu shagon haya da masu gyaran bidiyo suna tattara abin da ya rage, har da kaset na bukukuwa da hawan salla da wasannin Fali da Gude da Margi waɗanda babu mai neman su a Kano. Aikin farko shi ne rubuta sunayen finafinan, da shekarar da aka yi kowanne, da wanda ya mallake shi, da inda kwafinsa yake, kuma wannan sai da bakin waɗanda aka yi abin da su. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Kasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi a 2023. Sauran abokan aikinsu da ke raye su ya kamata a fara zuwa wurinsu da na'urar naɗar murya, tun kafin a gama gardamar wanda zai riƙe ma'ajiyar.