Iska ba ta da mai ita, amma ƙasa fa?

A arewacin ƙasar Kenya, gabas da tabkin Turkana, akwai wani fili mai duwatsu da ƙayoyi inda iska ke ratsowa tsakanin dutsen Kulal da dutsen Nyiru, tana kaɗawa kusan dare da rana. A wannan fili ne aka kakkafa injinan iska 365, kowane da farfela uku, waɗanda ƙarfinsu gaba ɗaya ya kai megawat 310. Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe tashar a watan Yuli na 2019, kuma wutar da take bayarwa ta haura kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Sai dai tun a shekarar 2014 wasu daga cikin makiyayan yankin, inda ƙabilun Rendille da Samburu da Turkana da El Molo ke zaune, suka shigar da ƙara. Cewarsu ita ce an ba kamfanin kimanin hekta dubu 60 na ƙasar kakanninsu ba tare da an nemi jin ta bakinsu ba. A watan Oktoba na 2021 kotun ƙasa da muhalli ta garin Meru ta yanke hukunci cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da takardun mallakar filin, ta kuma ba hukumomi shekara ɗaya su gyara.

A cikin wannan watan ne kuma, can Norwe, kotun ƙoli ta yanke makamancin wannan hukunci a kan injina 151 da aka kafa a yankin Fosen. Ta ce lasisin da aka bayar ya take haƙƙin al'ummar Sami, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara, na raya al'adarsu. Ƙasashe biyu da babu abin da ya haɗa su ta fuskar arziki ko yanayi sun tsinci kansu a gaban tambaya guda: yaushe ne amfanin jama'a masu yawa yake halasta a ɗora wa ƴan tsiraru nauyi, kuma wane ne ke da ikon yanke wannan hukunci?

Ya kamata a fara da ba masu aikin haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ƙarama ba ce. Wutar lantarki ba kayan ƙawa ba ce. Da ita ake adana allurar rigakafi a gidan likita, da ita ungozoma ke ganin abin da take yi cikin dare, da ita mai walda da mai niƙa ke ciyar da iyalinsu. Mutumin Yamai bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa sakamakon takunkumin CEDEAO, birnin ya ɗanɗana abin da ake nufi da dogaro ga maƙwabci, tun da wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke saye ko samarwa a lokacin daga can take zuwa. Bayan haka, ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna cewa kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar yake da lantarki a Nijar. Iska kuwa ba ta hayaƙi, ba ta ƙarewa, ba a sayo ta da kuɗin waje. Wanda ya ce kada a taɓa ko taki ɗaya na daji saboda waɗansu awaki, to ya kamata ya iya duban idon matar da ta haihu a hasken tocila ya maimaita mata maganarsa.

Duk da haka, lissafin da ke cewa miliyoyi sun fi dubbai yana da wani aibi da ba a cika lura da shi ba. Yana tara riba da hasara a kwarya ɗaya, kamar mutum guda ne zai ci ribar kuma ya ɗauki hasarar. Alhali ba haka abin yake ba. Wutar Turkana tana bin manyan wayoyi na fiye da kilomita 400 zuwa Suswa, kusa da Nairobi, tana ƙetare rugagen da ke kwana da fitilar hannu. Mutanen ƙauyen Sarima su ne aka matsar daga mazauninsu don a sami hanya, ba mazauna birni ba. Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yawan masu amfana yana iya nuna cewa aiki na da kyau a yi shi. Ba ya nuna cewa an yi wa wanda ya biya farashinsa adalci. Waɗannan batutuwa biyu ne dabam, kuma cakuɗa su shi ne mafarin yawancin rigingimun.

Tushen matsalar ya fi zurfi, yana cikin yadda ake kallon ƙasar kanta. Injiniyan da ya zo da rani ya auna fili, ba ya ganin kunya ko shinge ko rumbu, sai ya rubuta cewa wuri ne da babu kowa. Wannan kallo yana da tarihi. Mulkin mallakar Faransa, a dokar filaye ta 1935 da ta shafi yankin Afirka ta Yamma, ya mayar da abin da ya kira « terres vacantes et sans maître », wato ƙasar da babu kowa a kanta kuma ba ta da ubangida, mallakar gwamnati. Manomi yana barin shaida a ƙasa, domin garma tana rubutu. Makiyayi kuwa, gwanintarsa ita ce ya wuce ya bar wuri ya huta, har ciyawa ta sake tofowa. Filin da aka gani fayau a watan Maris yana iya zama shi ne ajiyar da garke zai dogara da ita a shekarar fari. Ke nan abin da ya sa kiwonsa ya dace da ƙasa mai ƙarancin ruwa shi ne kuma ake juyawa a kafa masa hujja da shi cewa ba shi da komai a wurin.

Harshen Hausa da kansa yana ƙaryata wannan kallo. Yana da saura, gonar da aka bari ta huta amma mai ita na nan. Yana da burtali, hanyar dabbobi da ba a nomawa. Yana da makiyaya da mashaya da hurumi. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan tana nufin wuri da ido ke gani babu kowa, amma haƙƙi na kwance a kansa. Malaman ƙasar Hausa ma ba su ɗauki batun da wasa ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe rubutu guda a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba a raya ba, kuma fiƙihun Malikiyya ya san hurumin rijiya da na gari, wanda ba ya halasta wani ya mallake shi shi kaɗai. Al'ummar da ta tanadi sunaye masu yawa haka ga fili marar gini ta riga ta san cewa rashin gini ba rashin mai shi ba ne.

Kamfanin Turkana ya ba da amsa mai ma'ana. Ya ce bai kewaye filin da waya ba, raƙuma da awaki na kiwo a ƙarƙashin injinan, ya gyara hanya ta kimanin kilomita 200, ya haƙa rijiyoyi, ya gina azuzuwa. Babu dalilin musanta amfanin waɗannan abubuwa. Amma suna amsa wata tambaya ce da ba ita aka yi ba. Kafin takardar, makiyayi yana kiwo ne saboda haƙƙinsa. Bayan takardar, yana kiwo ne saboda an ƙyale shi. Ciyawar ɗaya ce, amma matsayin mutumin ya sauya daga mai gida zuwa baƙo, kuma abin da aka ba ka don alheri ana iya janye shi ranar da aka ga dama. Haka nan rijiyar da aka haƙa a matsayin kyauta tana neman godiya, alhali wadda aka haƙa a matsayin biyan haƙƙi tana ba mutum bakin tambaya in ta ƙafe. Wannan bambanci ba ya shiga lissafin kuɗi, amma a kansa mutunci yake tsaye.

To, shin wannan yana nufin kowane ƙauye na da ikon hana ƙasa gaba ɗaya abin da take buƙata? Ba haka ba ne, kuma masu kare makiyaya suna cutar da hujjarsu idan suka ƙi fuskantar wannan. Babu al'ummar da ke magana da murya ɗaya. A bakin Turkana akwai matasan da suka yi maraba da aikin saboda albashi, akwai kuma jayayya tsakanin ƙabilu a kan wane ne ainihin mai wurin, wadda zuwan kuɗi ya ƙara wa zafi. Wani mai adawa yana kare makiyaya ne, wani kuma yana neman a ƙara masa kaso. Idan aka ce sai kowa ya yarda kafin a kafa turke ɗaya, to babu hanya ko asibiti da za a taɓa ginawa. Shi ya sa dokoki, har da dokar Nijar ta 1961 da aka yi wa gyara a 2008, suka yarda hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, bisa sharaɗin biyan diyya ta adalci tun kafin a karɓa.

Abin lura shi ne kotunan biyu ba su ce iska haramun ce ba. Ta Meru ba ta ba da umarnin a tumɓuke injinan ba, laifin da ta gani shi ne an tsallake matakan da doka ta shimfiɗa don a ji ta bakin masu ƙasa. A Norwe ma injinan ba su daina juyawa ba. Bayan zanga-zangar da matasan Sami suka yi a Oslo a 2023, an cimma yarjejeniya da makiyayan a ƙarshen wannan shekara da farkon 2024, wadda ta ƙunshi biyan kuɗi kowace shekara da alkawarin ƙarin wurin kiwo. Abin da aka amince da shi bayan shekaru na shari'a, ana iya tattauna shi tun kafin a zuba siminti. Tun ran gini, ran zane. Shawarar da ake yi bayan an sa hannu a kwangila sanarwa ce kawai. Ta gaskiya ita ce wadda za ta iya matsar da turke daga bakin mashaya, ta rage faɗin filin da za a bayar zuwa iyakar abin da aikin ke buƙata, ta kuma sa garin da ke jin ƙugin farfela ya sami wuta da kaso mai ɗorewa daga ribar. Wanda aka nemi ya sadaukar don ƙasa, ya cancanci a ɗauke shi abokin tarayya a cikin abin da sadaukarwarsa ta haifar.

Wannan magana ba ta yi nisa da Nijar ba. A watan Maris na 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan shirin tashar iska mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250 a jahar Tawa, wadda aka raɗa wa sunan Tarka, kwarin da aka sani a matsayin mahaɗar manoma da makiyaya. A kan kogin Kwara kuma, madatsar ruwan Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008, an tsara ta ne bisa tayar da dubun dubatar mutane na yankin Ayoru daga gidajensu da gonakinsu na bakin ruwa. Ko wace irin makoma waɗannan ayyuka suka samu, wasu irinsu na tafe, domin rana da iska arziki ne da ƙasar ke da shi da yawa, kuma filayen da suka fi dacewa da su galibi su ne na kiwo da gefen tabkuna irin su Tabalak.

Ta fuskar rubutacciyar doka, Nijar ba ta baya. Kundin tsarin karkara na 1993 ya amince cewa makiyaya na da haƙƙin fifiko a yankin da suka saba komawa, ya kuma kafa kwamitocin kula da filaye. Dokar kiwo ta 2010 ta ɗauki yawon kiwo a matsayin haƙƙi na asali, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Sai dai doka da aka rubuta da Faransanci, aka ajiye a ofis, ba ta kare wanda bai san da ita ba. Rahoton binciken muhalli mai ɗaruruwan shafuka, da aka taƙaita cikin rabin awa a gaban hakimi, bai zama yardar jama'a ba ko da an ɗauki hoton masu ɗaga hannu.

A nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suke da aikin da babu mai yi musu. Su ne suka iya harsunan biyu. Su ne za su iya mayar da haya ta shekaru da yawa, da diyya, da haƙƙin fifiko, zuwa Hausa da Fulfulde da Tamajak da Zabarmanci, ta yadda tsoho a ruga zai gane abin da ake nema ya sa wa hannu. Su ne kuma za su iya tattara sunayen burtali da mashaya da wuraren kiwon rani daga bakin dattawa, su rubuta su, su kai wa kwamitin filaye a sa su cikin taswira tun kafin mai awo ya iso. Makiyayan Turkana sun shafe shekara bakwai a kotu kafin a yarda cewa filin da aka ce babu kowa yana da masu shi. Garin da ya riga ya rubuta nasa, da wuya a tilasta masa bin wannan doguwar hanya.