Tuwon ɗalibi da idon mai haraji

Duk shekara, idan damina ta ja jiki watan Oktoba ya kunno kai, hirar ɗakin malamai ba ta wuce lissafi. Wannan yana ƙirga kuɗin littattafai, wancan na tufafin makaranta, wani kuma na guzurin ɗansa da zai tafi jami'a Yamai. Wata shekara, cikin irin wannan hira, wani abokin aikina ya fiddo takardar albashinsa yana nuna mana yadda aka sassauta masa haraji, wato lanho a bakinmu na nan, saboda yawan iyalin da ke wuyansa. Sassaucin bai taka kara ya karya ba, amma ya ji daɗinsa. A makon ne kuma wani dattijo ya zo daga ƙauye ya same ni bakin aji, da ƴan kuɗi ƙulle a tsumma. Akuya ya sayar ranar kasuwa don ƴarsa ta shiga kwaleji da kayan karatu cikakku. Shi ba shi da takardar albashi, saboda haka babu inda za a rubuta masa sassauci. Tun ran nan tambaya guda ke ci mini tuwo a ƙwarya: idan hukuma ta ce za ta taimaki karatu ta hanyar haraji, wa take gani, wa kuma ya ɓace mata?

Tambayar reshe biyu gare ta. Na farko ya shafi kuɗin da iyaye ke kashewa kan karatun ƴaƴansu, na biyu kuma kuɗin tallafi da ake ba ɗalibi, wanda muka fi sani da burs. Faransa da Amurka sun daɗe da rubuta amsoshinsu cikin doka, dalla-dalla, har da adadi. Ya kamata mu leƙa su, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Faransa, kamar yadda dokar take kan kuɗin shiga na shekarar 2024, uban da ɗansa ke kwaleji ana rage masa yuro 61 daga harajinsa, na lise yuro 153, na jami'a kuwa yuro 183. Da kuɗinmu na sefa, wajen jika 40 ke nan, da jika 100, da jika 120. Abin da kyau a ido. Sai dai ragi sunansa ragi: daga abin da ake bin ka ake cire shi. Wanda samunsa bai kai a bi shi harajin kuɗin shiga ba, ba ya ganin ko sisi, kuma fiye da rabin gidajen ƙasar a wannan sahu suke. Gaskiya ne akwai wani tallafi dabam da ake ba masu ƙaramin ƙarfi lokacin komawa makaranta tun 1974, amma shi ragin harajin kansa ruwa ne da ke gangara inda rijiya take.

Amurka ma ta taɓa faɗawa wannan rami. Ragin da ta kafa a 1997 don kuɗin jami'a bai amfani wanda ba ya biyan haraji ba. A 2009 aka sake fasalinsa: iyali na iya samun ragin da ya kai dalar Amurka 2,500 a shekara kan kowane ɗalibi, cikin shekaru huɗun farko na jami'a, kuma kashi 40 cikin ɗari na wannan kuɗi, har dala 1,000, ana miƙa shi hannu ko da babu harajin da za a rage. Da wannan gyara doka ta amsa laifinta da bakinta. Ta yarda cewa taimakon da ke bi ta ƙofar haraji kaɗai, mai shi yake tararwa, ya bar maras shi a waje.

Reshe na biyu ya fi wuyar sha'ani. Shin burs samu ne kamar albashi, har a aza masa haraji? A Faransa, burs ɗin da ake bayarwa bisa la'akari da ƙarfin iyaye ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. A Amurka ma haka abin yake a da, ga ɗalibin da ke neman digiri, har zuwa gyaran dokar haraji na 1986, zamanin shugaba Ronal Regan. Daga nan aka raba kuɗin gida biyu. Abin da ya tafi ga rajista da littattafai da kayan aikin da darasi ya wajabta, an yafe shi. Abin da ya tafi ga ɗakin kwana da abinci kuwa, an lissafa shi cikin samu. Wato a idon wannan doka littafi karatu ne, tuwo kuma jin daɗi.

Mu da muke tsaye gaban allo mun san wannan rabo bai dace da abin da ido ke gani ba. Duk malamin da ya taɓa koyarwa da ƙarfe goma sha ɗaya na safe cikin watan Afrilu ya san fuskar yaron da bai karya kumallo ba. Kana bayani, idonsa na kanka, hankalinsa na wani wuri. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da ya baro garinsu don karatu, ɗakin kwana da kwanon abinci su ne matakin farko na ajinsa, kuma ɗan talaka ne ya fi dogara da wannan kaso na burs, tunda ɗan mai hali yana da inda zai ci.

A 2017 maganar ta kai maƙura. A watan Nuwamba majalisar wakilan Amurka ta amince da wani ƙudiri wanda zai sa a lissafa kuɗin makarantar da jami'o'i ke yafe ma ɗaliban manyan digiri a matsayin samu. Ma'anarsa, ɗalibi ya biya haraji kan kuɗin da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Ɗalibai suka fice daga azuzuwa a jami'o'i da dama, kuma dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba ba ta ɗauke da wannan sashe. Abin lura a nan shi ne, lissafi na iya zama daidai a takarda, ya kasance zalunci a aljihu.

To, amma kada mu yi wa masu ɗaya ra'ayin rashin adalci, domin hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa: ga samari biyu sa'o'in juna. Ɗaya ma'aikaci ne, da guminsa yake biyan haya da abinci, kuma ana cire masa haraji. Ɗaya ɗalibi ne, an biya masa haya da abinci, an kuma ce kada a taɓa shi. Gobe ɗalibin nan zai fi ma'aikacin albashi da matsayi. Ina adalcin? Wannan tambaya ba a kore ta da ɗaga murya.

Amsata ita ce, sai mun tantance mene ne burs tukuna. Albashi ladan aikin da aka riga aka yi ne, mai shi yana iya kashe shi yadda ya ga dama. Sadaka kuwa ana ba da ita a juya baya, ba a jiran komai daga wanda ya karɓa. Burs bai yi kama da ko ɗaya ba. An ba da shi da sharaɗi, don manufa guda, kuma ana yanke shi idan ɗalibi ya bar karatu. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne amana. Iri ne jama'a ta damƙa ma yaro ya shuka, kuma ba a awon zakka a kan irin da ke cikin rami, sai amfani ya zo gida. Idan ɗalibi ya yi aikin koyarwa ko na bincike aka biya shi lada, wannan albashi ne, babu laifi a bi shi yadda ake bin kowa. Amma abin da aka ba shi don ya rayu ya yi karatu, aza masa haraji tamkar miƙawa ne da dama a karɓe da hagu.

Kuma ya kamata mu tuna daga ina irin ya fito. A ƙasarmu, kuɗin da hukumar ANAB ke raba ma ɗalibai daga baitulmali yake, baitulmali kuwa ba masu takardar albashi kaɗai ke cika shi ba. Dattijon nan mai akuya yana biyan kuɗin kasuwa, yana kuma biyan harajin da ke ɓoye cikin farashin kayan kanti da yake saye, ko da ba a taɓa rubuta sunansa a wani ofishi ba. Doka ba ta gan shi ba ranar sassauci, amma hannunsa na cikin kowane burs da aka biya. Wannan ne ya sa zancen kuɗin ɗalibai bai taɓa zama ƙaramin zance a Nijar ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kenedi ta Yamai, cikin zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi, kuma abin da ya faru ran nan yana cikin abubuwan da suka buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991.

A nan ne maganar ke juyowa kanmu, mu da muka ci gajiyar burs, da ɗaliban da muke shiryawa su ci. Idan mun ce amana ce, to amana ana mayar da ita. Yafe haraji ga ɗalibi jinkiri ne aka yi masa, bashin na nan. Zai biya shi da shekarun bautar ƙasa, da harajin albashinsa idan ya fara aiki, da yarda ya je inda aka tura shi ko da babu lantarki, da yadda zai karɓi baƙauye idan ya shigo ofishinsa. Likitan da ya yi karatu da kuɗin jama'a sa'an nan ya wulaƙanta maras lafiya don ba shi da abin bayarwa, shi ne ke gaskata hujjar masu cewa a bi ɗalibi haraji tun yana makaranta. Ma'aikacin nan da ya yi haƙuri aka cire masa, aka bar ɗalibi, yana da haƙƙin ya tambaya: ina amfanin gonar?

Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya dace guda ne, ga mai rubuta doka da mai cin moriyarta. Duk wani sassauci da za a yi don karatu, a fara tambaya ko zai kai ga wanda ba shi da takardar albashi. In ba zai kai ba, gara a zuba kuɗin kai tsaye cikin littattafai da abincin makaranta, inda ɗan kowa zai samu. Duk wanda kuma aka ba burs, a sanar da shi tun ranar farko wa ya biya.

Wannan kaso na ƙarshe aikinmu ne, ƴan'uwana malamai, ba ya jiran wata majalisa. Ƴar dattijon nan ta wuce lise, kuma idan Allah ya sa ta samu burs wata rana, ba ni shakkar ta san daga inda ya fito, domin ta ga turken akuyarsu babu komai. Ragowar ɗaliban da ba su ga irin wannan turke ba, mu ne za mu nuna musu shi.