Riƙo a Gaya: Suna, Gado da Amana

Riƙo shi ne mutum ya ɗauki yaron da ba shi ya haifa ba, ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa tarbiyya. A Gaya ta jihar Dosso, inda gada ke ƙetare Kogin Kwara zuwa Malanbil ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma na nan kusa, dangi ɗaya kan warwatsu cikin ƙasashe uku. Yaro kan tashi a hannun gwaggo a wata ƙasa, iyayensa na wata. Dalilan sanannu ne: mutuwar iyaye, mutuwar aure, kunyar ɗan fari, ko tausayin 'yar'uwar da Allah bai ba haihuwa ba.

Tambayar da fiƙihu ya fuskanta ita ce matsayin yaron a gidan da ya tashi. Suratul Ahzab ta hana a jingina shi ga wanda ba mahaifinsa ba. Sanadin haka Zaidu ya koma amsa sunan mahaifinsa Harisa, bayan an daɗe ana danganta shi da Annabi (SAW). Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa ta dalilin riƙo, sai dai kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Riƙo ba ya mai da shi muharrami sai an shayar da shi cikin shekaru biyu na farko, kuma a mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya shiga cikinsa ya wadatar. Wannan tsari, wanda ake kira kafala, har Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi a sashe na 20.

Wasu na ganin hukuncin ya rage wa yaro gata, alhali kare shi ya yi: asalinsa bai ɓace ba, gadon mahaifinsa na nan, kuma Suratun Nisa'i ta yi alkawarin wuta ga mai cin dukiyar maraya da zalunci. An ɗora wa mariƙi nauyi, ba a ba shi mallaka ba.

A nan ne ake gane riƙon gaskiya da riƙon sakainar kashi. A gida ɗaya, 'yar masu gida ta rataya jaka ta nufi makaranta, 'yar riƙo ta aza farantin talla ta nufi tasha, inda manyan motoci ke jere. A kudancin Benin irin wannan ya samu suna, vidomegon: ƙananan 'yan mata da aka kai gidajen masu hali da sunan tarbiyya, suka ƙare a aikatau da dako a kasuwar Dantokpa ta Kwatano. Abin da ya halatta riƙo tun farko maslahar yaro ce, ba buƙatar hannun aiki ba.

Mariƙai na ƙwarai ma suna da nasu ciwon. In sun tsawata a ce don ba su suka haifa ba, in sun sassauta a ce sun lalata ɗan mutane. Mace ta yi jinyar ƙyanda, ta tara kwanukan aure shekara da shekaru, ranar ɗaurin aure dangin uba su bayyana da ikon walicci. Malikiyya ba ta manta da mariƙi ba a nan: idan babu dangin uba da suka cancanta, namijin da ya riƙi yarinya shi ke zama waliyyinta, kafin a kai ga alƙali.