Ƙarshen Ganɗoki: Haƙuri Ne ko Miƙa Wuya?

A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Ganɗoki na Malam Bello Kagara na fi so, kuma shi ne ƙarshensa ya fi tsaya mini a rai. Jarumin ya yi yaƙi da Nasara a rundunar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya bi ayarin hijira zuwa gabas, daga nan labari ya faɗa duniyar aljannu da ifritai, shi da ɗansa Garba Gagare suna ta sara da suka. Bayan duk wannan sai ya komo gida, ya tarar Bature ya kafu, ya mayar da takobi kube, ya zauna yana ba yara labari.

Tsohon bugu nake da shi, wanda na saya a kasuwar Sabon Gari, bangonsa ya yage har sai da na ɗinke shi da zare. Na karanta shi a zaurenmu a nan Shika bayan sallar isha'i. Da na rufe shafin ƙarshe, ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Samaru ya ce, "Kawu, shi ke nan? Ai wannan tsoro ne." Wani dattijo maƙwabcinmu ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ƙaddara ta riga fata." Ni dai na kwana da maganganun biyu, kowacce na jan zuciyata.

Wannan gardama ta girme mu duka. Da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan. Wazirin Sakkwato Buhari kuwa ya tsaya, ya karɓi sulhu don kada talakawa su zama marayu. Amma bai tsaya da sanyin zuciya ba. Tsoro ya kama shi kada abin da ya yi ya taɓa imaninsa, ya nemi fatawar malamai, ya rubuta wasiƙa yana bayyana hujjarsa: a yi hulɗa da masu ƙarfi a harkar duniya, zuciya kuwa ba tasu ba ce. Mu ma nan ƙasar Zazzau ba 'yan kallo ba ne. Hare-haren Nagwamatse ɗin nan, ubangidan Ganɗoki, su suka sa Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi agajin Turawa, suka shigo Zariya a 1902. Saboda haka in talakan wancan zamani ya ji daɗin lafawar hari da kamun bayi, ban ga laifinsa ba.

Komowar Ganɗoki gida ba ta dame ni ba. Yawancin kakanninmu komowa suka yi, suka yi noma, suka biya haraji, suka riƙe makarantun allo, shi ya sa muke nan. Abin da ya dame ni shi ne na nemi ciwon zuciyar Waziri Buhari a bakin jarumin na rasa. Mutumin da ya ga gawawwakin abokan yaƙinsa, ya dace a ji muryarsa ta karye kafin ya ce alhamdulillahi. Malaman fiƙihu sun bambanta yarda da hukuncin Allah da son abin da hukuncin ya zo da shi. Mara lafiyar da ke kwance a asibitin koyarwa na Shika bai saɓa wa Ubangijinsa ba don ya ƙi jinin cutarsa, ya nemi magani. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma babu wanda ya fi shi yarda da ƙaddara. Haƙurin da babu zafi a cikinsa yana kama da mantuwa, mantuwa kuwa ita ce abin da mai mulki ke so daga wanda ya ci da yaƙi.

Na san inda aka haifi littafin: gasar ma'aikatar Turawa ce, don makarantun Turawa. Kuma ina jinjina wa Malam Bello, domin shekara talatin kacal bayan Burmi ya sa Bahaushe ya ɗaga takobi a kan Nasara a cikin littafin da su da kansu suka buga. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Dattijon zaurenmu ya yi gaskiya a kan komowar, ɗan 'yar'uwata kuma ya ji wani gibi na gaske, ko da ya kira shi da sunan da ya yi tsauri.

Malaman Hausa da ke koyar da Ganɗoki a Samaru da Kongo, don Allah ku riƙa haɗa shi da labarin Burmi da wasiƙar Waziri Buhari a darasi ɗaya, ku bar ɗalibai su yi gardamar da kansu.