Hayaƙinmu Kaɗan Ne, Amma Don Me?

Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera kafin shekarar 2000 ya san jiniyar masaƙa. Da ta kaɗa, sai ka ga ma'aikatan KTL da UNTL sun cika titi, wasu a ƙasa, wasu bisa Raleigh. A Kakurin nan aka fara harhaɗa Peugeot a 1975, amma da yawa daga masu ɗaura mata taya keke ke kai su gida. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Hayaƙin masaƙa ya ɗauke, sai ga shi ya ɓullo ta bayan gidajenmu, daga bakin janareto.

Masana sun ce kowa na da rabonsa cikin iskar kabon da ke ɗumama duniya, gwargwadon abin hawansa da makamashin girkinsa da wutar da yake sha. Litar fetur guda tana sakin wajen kilo 2.3. Idan aka raba daidai, ɗan Nijeriya bai kai tan 1 a shekara ba, alhali Ba'amurke ya haura tan 13. Da mun ji haka sai mu yi ajiyar zuciya, mu ce ashe hannunmu tsaf yake.

To, mai karatu, wanda ya kwana da yunwa don tukunya ba kome, shin azumi ya yi? Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, wasu maƙwabtanmu a Barnawa suka lulluɓe motocinsu da tamfol, suka koma keke napep. Hayaƙinsu ya ragu, amma ba don tausayin ƙasa ba. Ranar da aljihu ya farfaɗo tamfol zai yaye. Tsadar nan kuma ita ce ta raba uwargida a Television ko Sabon Tasha da tukunyar gas, ta mai da ita ga gawayi, gawayin kuwa bishiya ce da aka sare a daji. Ita muke yi wa wa'azin kare muhalli, domin nata hayaƙin ana ganinsa. Na mai gidan da janaretonsa ke kwana yana juya na'urar sanyaya ɗaki uku, bango ya kare shi.

Mu marubuta ma kada mu yi saurin wanke kanmu. A duba littattafanmu na soyayya: saurayin da ya dace yakan iso cikin dalleliyar mota, gidansa sanyi kamar Jos, wuta ba ta ɗaukewa. Mai keke kuwa, in ya fito, ɗan aike ne ko wanda za a yi wa dariya. Mu muke koya wa 'yan mata da samari abin da ake kira arziki, sa'an nan mu rubuta waƙar kukan hamada a shafi na gaba.

A watan jiya wani daga cikinmu ya kawo labarin malamin makaranta a Narayi da ke zuwa zance a kan keke. Mun yaba da rubutun ƙwarai. Shawara guda muka ba shi: a babin ƙarshe a sai wa malam mota.